Turancin Inshora da Maganar Zamba



An neme ni in yi magana a kan koyon Turanci, ni kuwa na zaɓi in bi ta wata ƙofa da ba kasafai ake bi ba, watau Turancin inshora da zambar da ake yi a cikinta. Na san wani zai ce me ya haɗa ɗalibin da ko keke bai mallaka ba da inshora? Amsar ita ce, ba a fafe gora ranar tafiya. Nan da shekara biyu ko uku da yawa daga cikinku za su kama aiki su sayi mota ko babur, wasu a ɗora su a kan fayil ɗin motocin ma'aikatarsu, wasu kuma su zama lauyoyi ko 'yan jarida. Ran nan za a miƙo muku takarda cike da ƙananan rubutu a ce ku sa hannu. Abin da nake so ku tafi da shi daga zauren nan guda ne: a harkar inshora, tazarar da ke tsakanin mai gaskiya da mazambaci, ko tsakanin wanda za a biya da wanda za a kora, sau da yawa ba ta wuce kalma ɗaya ba. Wanda ya fahimci nahawun takardar, ya tsare dukiyarsa da mutuncinsa.

Sunayen mutane da na abubuwa

Inshora yarjejeniya ce: mutane da yawa su riƙa zuba kuɗi kaɗan-kaɗan a asusu ɗaya, wanda tsautsayi ya faɗa wa a ɗebo a share masa hawaye. Saboda haka duk wanda ya shirya ƙarya ya karɓi abin da ba nasa ba, asusun jama'a ya taɓa, kuma su za a ƙara wa kuɗin biya a baɗi.

Mu fara da mutanen da ke cikin yarjejeniyar. Kamfani shi ne "the insurer", kai da aka ɗauki nauyinka kuwa "the insured". Harafi ɗaya ya raba su. Ɗafin "-er" yana nuna mai yi, ɗafin "-ed" yana nuna wanda aka yi wa, daidai da yadda muke da marubuci da rubutacce. Ku lura da wannan ƙwarai, domin idan takarda ta ce "the insured shall", kai aka ɗora wa kayan. Akwai kuma "broker", watau dillali, da "beneficiary", wanda za a ba kuɗin idan mai inshorar rai ya rasu. "Third party" kuwa lissafi ne mai sauƙi: kai ne na farko, kamfani na biyu, wanda ka buge a hanya shi ne na uku.

Kalmar "underwriter" tana da tarihi. Wajen 1688 akwai wani mai shagon gahawa a Landan, Edward Lloyd, inda masu jiragen ruwa da attajirai suke taruwa. Akan rubuta bayanin jirgi da lodinsa a takarda, duk wanda ya yarda ya ɗauki wani kaso na haɗarin sai ya rubuta sunansa a ƙarƙashi. "Under" ƙarƙashi, "write" rubutu, ga kalma ta fito. Daga wannan shago ne kasuwar inshora ta Lloyd's ta samo asali.

Tarkon da ya fi kama ɗalibi shi ne kalmar da yake zaton ya sani. Kowa a nan ya san "policy" da ma'anar manufa, kamar manufar gwamnati, amma a inshora takardar yarjejeniya ake nufi. "Premium" shi ne kuɗin da kake biyan kamfani. "Cover" ba murfi ba ne, iyakar abin da kamfani ya ɗauki nauyi ne. "Claim" neman diyya ne bayan asara. "Excess" shi ne kason farko na asarar wanda kai za ka ɗauka da kanka kafin kamfani ya sa hannu a aljihu. Sai "indemnity", wadda ita ce ginshiƙin inshorar dukiya: a mayar da kai yadda kake kafin asarar, ba daɗi ba ragi. Wanda ya gane wannan kalma ya gane cewa inshorar kaya ba hanyar cin riba ba ce, kuma mai neman riba a cikinta ya soma taka hanyar zamba.

Kada kuma ku cakuɗa 'yan ukun nan: "insure", yi wa abu inshora, "ensure", tabbatar da abu ya auku, "assure", ba mutum tabbaci har hankalinsa ya kwanta.

Iyalin kalmar zamba

Kalma ba ta tafiya ita kaɗai, da iyalinta take tafe. "Fraud" suna ne, zamba. "Fraudulent" sifa ce, kamar a "a fraudulent claim". "Fraudulently" bayanau ne. "Fraudster" shi ne mazambaci. Aikatau kuwa "defraud", kuma yana jan ƙaramar kalma "of" a bayansa: "He defrauded the company of two million naira." Haka nan kowane suna yana da aikatau ɗin da ya saba tafiya da shi. Bahaushe yana cin bashi, yana cin amana, yana shan wahala, ba mai tambayarsa dalili, kuma baƙon da ya ce ya sha bashi dariya za a yi masa. To, haka Bature yake cewa "commit fraud", "take out a policy", "make a claim", "settle a claim". Wanda ya rubuta "do fraud" ya sha bashi ke nan.

Ire-iren zambar ma suna da sunayensu. "Arson" cinna wuta da gangan. "Forgery" ƙirƙirar takardar jabu. "A staged accident" haɗarin da aka shirya kamar wasan kwaikwayo. "An inflated claim" kuwa asara ce ta gaske wadda aka hura, kamar mai shagon da aka sace wa turmin atamfa goma ya rubuta talatin. Mutane da yawa ba su ɗauki wannan na ƙarshe laifi ba, alhali a idon doka zamba ce cikakkiya, kuma tana iya jawo mutum ya rasa har diyyar goman da aka sace masa da gaske.

Ga masu sha'awar aikin jarida da shari'a, akwai wani tsani na kalmomi wanda ba a tsallake matakinsa. Labarin John Darwin na Ingila zai nuna mana shi. A watan Maris na 2002 wannan mutum ya shiga teku a ƙaramin kwale-kwale a arewa maso gabashin ƙasar, bai dawo ba. Da farko "missing" ne, ɓatacce; daga baya ya zama "presumed dead", watau an ɗauka ya mutu ko da ba a ga gawa ba. Matarsa ta karɓi kuɗin inshora da na fansho. A watan Disamba na 2007 sai ga shi ya shiga ofishin 'yan sanda a Landan yana cewa ya manta duk abin da ya faru da shi, amma ba da jimawa ba hotonsu ya ɓulla shi da matar a ƙasar Panama. Ramin ƙarya ƙurarre ne. Aka kama shi bisa zato, "arrested on suspicion of". Aka tuhume shi, "charged with". Ya amsa laifi, "pleaded guilty to". Matar ta musanta, aka same ta da laifi, "convicted of". A 2008 aka yanke wa kowannensu ɗaurin fiye da shekara 6, "sentenced to". Kowane mataki da ƙaramar kalmar da ke binsa, kuma ba a musanya su. Kafin alƙali ya yanke hukunci, garkuwar marubuci ita ce "alleged", watau abin da ake zargi. Wanda ya kira mutum "fraudster" alhali bai wuce matakin "accused of" ba, shi za a kai kotu a kan ɓata suna.

Ya nutse, ko an nutsar?

Yanzu mu shiga nahawu sosai. A Hausa muna cewa jirgi ya nutse, muna kuma cewa an nutsar da jirgi, ko yaro ya san ba ɗaya ba ne. A Turanci aikatau guda ne yake yin aikin biyu: "sink, sank, sunk". "The ship sank", ƙi-karɓau ne, ba hannun kowa. "The ship was sunk", akwai wanda ya yi, ko da ba a ambace shi ba. Idan kuwa mutanen jirgin ne da kansu suka buɗe wa ruwa hanya, to, akwai kalma ta musamman, "scuttle".

Wani jirgin dakon mai da ake kira Salem ya ɗauko ɗanyen mai fiye da tan dubu 190 daga Kuwait a ƙarshen 1979, da nufin kai shi Italiya, kuma kamfanin Shell ne ya sayi man. A hanya sai aka karkata da shi zuwa Durban a asirce, domin a lokacin ƙasashe masu arzikin mai sun sa wa Afirka ta Kudu takunkumi saboda mulkin wariyar launin fata. Aka sauke mafi yawan man, aka cika tankunan da ruwan teku don jirgin ya yi nauyi. Ran 17 ga Janairu, 1980, jirgin ya tafi ƙasan teku daura da gaɓar Senegal. Wani jirgin Ingila ya tsinci ma'aikatansa a kwale-kwalen ceto da akwatunansu a shirye kamar masu zuwa hutu, man da ya taso saman ruwa kuma bai kai ko kusa da na cikakken lodi ba. Rahoton farko ya ce "sank". Bincike ya mayar da shi "was scuttled". Shell, wanda shi aka cuta, ya nemi diyya wajen masu inshora, sai shari'ar ta tsaya a kan kalmomi uku da ke cikin takardar, "takings at sea", watau ƙwace kaya a teku. A 1983 kotun ƙoli ta Ingila ta yanke cewa sauke man da aka yi a Durban bai shiga ma'anar kalmomin nan ba, saboda haka ragowar man da ya nutse tare da jirgin kaɗai za a biya. Ku dubi yawan dukiyar da ta rataya a wuyan kalmomi uku.

Haka abin yake a kan tudu. "The shop caught fire", shago ya kama wuta. "The shop was set on fire", an cinna wa shago wuta. "He set fire to the shop", shi ya cinna. Akwai kuma wani gini mai fuska biyu wanda nake roƙonku ku guje shi a rahoton ofis: "He had his car stolen." Yawanci ma'anarsa an sace masa mota, amma da yake gininsa ɗaya ne da "He had his car repaired", ya sa an gyara masa mota, yana iya nufin shi ya sa aka sace ta. In gaskiya kake nufi, rubuta "His car was stolen" ka huta.

Wannan gini na "was stolen" da "was sunk", wanda yake yin aikin "an" ɗinmu na Hausa, yana da amfani idan ba a san mai laifi ba. Amma maɓoya ce ga wanda ba ya son a san shi, kuma tarihi ya nuna munin abin da kalma ke iya rufewa. A 1781 wani jirgin bayi mai suna Zong, mallakar 'yan kasuwar Liverpool, ya tashi daga Accra da 'yan Afirka 442 zuwa Jamaika. An yi wa kowane mutum inshorar fam 30. Ƙa'idar lokacin ita ce, bawan da ciwo ya kashe asarar mai jirgi ce, amma lodin da aka zubar a teku don ceton saura, kamfani zai biya. Matuƙan suka yi kuskuren hanya, suka ce ruwan sha ya yi ƙaranci, suka jefa mutum fiye da 130 cikin teku da ransu. Masu jirgin suka nemi diyya, kuma a 1783 aka yi shari'ar a Landan a matsayin rikicin inshora. Mutane suka zama "cargo", lodi. Kisa ya zama "jettison", rage lodi. Dalili ya zama "necessity", larura. Da farko aka ba masu jirgin gaskiya, daga baya babban alƙali Lord Mansfield ya ba da umarnin a sake shari'ar, da ya bayyana cewa an yi ruwan sama kafin a jefa rukunin ƙarshe. Olaudah Equiano, wanda shi ma ya taɓa zama bawa, ya kai labarin ga Granville Sharp, mai yaƙi da cinikin bayi, amma ba a taɓa gurfanar da kowa a kan kisan ba. Saboda haka duk lokacin da kuka karanta "was" da aikatau a bayansa, ku tambayi kanku: wa ya yi?

Inda kuskure ya rabu da zamba

Ba duk maganar da ba gaskiya ba ce take zama zamba. A shari'ar Derry da Peek ta 1889, kotun ƙolin Ingila ta ce zamba ita ce mutum ya faɗi ƙarya yana sane, ko ba tare da ya gaskata abin da yake faɗi ba, ko kuwa bai damu ba gaskiya ne ko ƙarya ne. A Turanci bayanau ne yake ɗauke da wannan nauyi: "knowingly", yana sane, "deliberately", da gangan, "recklessly", da ganganci, "negligently", da sakaci, "innocently", cikin rashin sani. Aikatau bai sake ba, "he stated", amma kalmar da ta biyo baya ita za ta nuna ko gyaran takarda za a yi ko kurkuku za a tafi.

Wannan ya kawo mu ga fom ɗin neman inshora, inda lokutan aikatau suke kama mutane. "Did you make a claim last year?" tambaya ce a kan bara kaɗai. "Have you ever made a claim?" kuwa ita ce "Ka taɓa?", ta haɗa da duk rayuwarka har zuwa yau. Wanda ya karanta ta biyu kamar ta farko ya amsa "No", ya rubuta ƙarya da hannunsa, ga kuma sa hannunsa a ƙarƙashin "to the best of my knowledge and belief", watau iyakar sanina da abin da na gaskata.

Dalilin tsananin shi ne, kamfani bai san motarka ko lafiyarka ba sai abin da ka gaya masa. Lord Mansfield ɗin nan shi ne ya aza harsashin wannan ƙa'ida tun 1766 a shari'ar Carter da Boehm, ita ce ake kira "utmost good faith", matuƙar riƙon gaskiya daga ɓangarorin biyu. Abin da ya wajaba ka bayyana shi ne "material fact". "Material" a nan ba yadi ba ne, ba kayan gini ba ne. Bayani ne wanda zai iya sauya shawarar kamfani. Ma'auninsa kuwa jimlar sharaɗi ce: "If the insurer had known, it would not have issued the policy." Da kamfanin ya sani, da bai ba da takardar ba. "Had known" a gaba, "would have" a baya, daidai da "da" biyun nan namu. Ku koyi ginin tun yanzu a aji, domin da na sani ƙeya ce.

Ƙananan kalmomi masu manyan haƙora

Idan kun karɓi takardar inshora, ku ɗauki fensir ku ja layi ƙarƙashin waɗannan. "Shall" tilas ne, "may" ganin dama ne. Ku duba wa aka ba wanne. "Unless" sai idan. "Provided that" da sharaɗin cewa. "Subject to" bisa ga, watau abin da aka ba ka a sama yana ƙarƙashin wani sharaɗi a ƙasa. "Within thirty days" cikin kwana talatin, ranar talatin da ɗaya ƙofa ta rufe. "Exclusions" abubuwan da aka togace, kuma nan ya kamata mai hankali ya fara karantawa. "Void" ɓatacce ne tun asali, kamar ba a yi ba. "Voidable" kuwa yana nan da ransa amma yana sokuwa, domin ɗafin "-able" aikinsa ɗaya da na gyaruwa da yiwuwa a harshenmu.

Kada a ɗauka kullum mai inshora ne yake cutar kamfani. A ƙasar nan dokar 1945 ce ta fara wajabta wa masu motoci inshorar mutum na uku, kuma a farkon 2023 hukumar NAICOM, wadda aka kafa a 1997 don kula da kamfanonin inshora, ta ɗaga kuɗinta ga motar gida daga naira 5,000 zuwa 15,000. Duk wanda ya tare ka a bakin ofishin lasin ya ce zai yi maka ita da araha a tsaye, ka yi hattara. Takardar jabu tana iya wuce shingen 'yan sanda, amma ranar da ka buge wani ba kamfanin da zai amsa sunanka. "Genuine" da "forged", "valid" da "expired", "licensed" da "unlicensed": waɗannan ba kalmomin jarrabawa kaɗai ba ne. Ƙungiyar kamfanonin inshora ta Nijeriya tana da rumbun bayanai a intanet inda ake duba lambar mota a ga ko takardarta ta gaske ce. Ku duba kafin ku hau hanya.

Yadda za a koya

Shawarata a taƙaice ita ce, kada ku haddace kalma tsirararta. Ku tanadi ƙaramin littafi, kowace kalma ku rubuta ta cikin jimla, da aikatau ɗinta da ƙaramar kalmar da ke binta. Ku nemi takardar inshora ta gaske wajen wani ɗan'uwa mai mota, ku zauna ku uku ko huɗu ku juya sakin layi ɗaya zuwa Hausa. Inda fassarar ta gagara, nan ne ba ku fahimta ba, sai a nemi ƙamus ko malami, matambayi ba ya ɓata. Idan kun karanta labarin shari'a a jarida, ku nuna matakin da aka kai: zargi ne, tuhuma ce, ko hukunci? In kun koma ofis aka ce ku rubuta rahoton haɗari, ku faɗi wanda ya yi, da abin da ya yi, da lokacin da ya yi, a gajerun jimloli. Abin da kuka gani da idonku ku ce "I saw", abin da aka gaya muku ku ce "I was told". Kada kuma kunya ta sa ku sa hannu a kan abin da ba ku gane ba, ko da wanda ya miƙo takardar ya girme ku.

Shugaban taro, na ga lokaci ya ƙure, kuma na san akwai tambayoyi. Allah ya ba mu ilimi mai amfani, ya tsare mu daga cuta da cutarwa.